Siminti a Bayan Magini

Shekara talatin da shida ina ɗora bulo kan bulo,
daga Gangare har Bukuru babu unguwar da ban bar katanga ba.
Sai ga rabin buhu, ba ma cikakke ba,
na sunkuya zan ɗauka a wani gini a Rikkos,
na ji ƙas a tsakiyar baya
kamar an taka busasshen kara.

A asibitin Lamingo suka haska ni.
Dokta Chundung ta kara hoton a fitila,
ta ce, "Baba, ƙasusuwan nan jere suke kamar aikinka,
amma dubi wannan, ya lotse ta gaba."
Na ce na gani.
Na san bulon da aka yi wa rowar siminti.

Ta ce hanya biyu ce.
Ko ɗamara mai tauri, da ƙwayoyi, da haƙurin wata uku,
ƙashin ya kama kansa da kansa,
wataƙila a karkace, in rage tsawo, in riƙa tafiya ina gaida ƙasa.
Ko kuma allura ta shiga ta baya
a ɗura wa ƙashin siminti.

Na yi dariya har zafin ya tsawata mini.
Siminti! A bayan Shitu magini!

Sai na yi mata tambayar da nake yi wa yaran aiki:
kwaɓin, da kauri ko ruwa-ruwa?
Don na sha ganin kankare ya sami kafa a jikin katako
ya tsiyaye inda ba a aike shi ba.
Ba ta ɓoye ba. Ta ce yakan tsiyaye,
galibi bai yin komai,
amma laka na kwance a bayan bangon nan,
in ya taɓa ta, ƙafa na iya yin shiru.
"Ba kasafai ba," in ji ta.
Ba kasafai ba magana ce mara nauyi
sai ranar da ta faɗo a kanka.

Sauran ba sai ta faɗa ba:
sa sabon bulo mai ƙarfi a tsohuwar katanga,
maƙwabcinsa ne ke fara tsagewa.

A gida kowa ya zo da ma'auninsa.
Ladidi ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.
Sagir ya kira, ya ce a yi kawai, zai sayar da babur.
Ƙanena ya san wani mai ɗori a Toro.
Na ce ɗori na hannu ne da ƙafa,
ba a jan ginshiƙi alhali rufi na kai.

Amma kwanciyar ma ba kyauta ba ce.
An ce tana cin tsoka, tana daskarar da jini, tana cika ƙirji.
Sanyin asubar Jos ya san inda tsagar take,
can yake shiga ya zauna.
Kwana nawa goshina bai taɓa ƙasa ba,
ina sujada da ido
kamar mai gaida surukinsa daga nesa.

Na koma na ce, "Likita, ko dakali ba a cire masa katako
sai ya kwana ashirin da ɗaya.
Ba ni su.
In zafin bai sauka ba, kawo takardar in dangwala."
Ta yi shiru, ta ce ta yarda,
amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi jin magana,
kada in jira gari ya waye.

Yau kwana tara.
Ladidi na jan layi da gawayi a bangon da na gina da hannuna.
Jiya na kai bakin ƙofa, na riƙe dogari, na ga Dutsen Shere.
Yau ban kai ba.
Takardar na nan ƙarƙashin matashi,
ina jin ta in na juya,
in na iya juyawa.